Karan Dawa Biyu

A zamaninmu wasiƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan direban babbar mota ya sauke ta a tasha, sai ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso ga mai ita, kuma duk hannun da ya iya boko sai ya leƙa. In ta iso, a ƙofar gida ake buɗe ta, a kira wanda ya yi makaranta ya karanta da ƙarfi, maƙwabta suna gyara zama. Na taɓa karanta wa wata tsohuwa wasiƙar ɗanta, ina kaiwa inda ya ce basir ya dame shi, sai wanzamin da ke aski a gindin ɗorawa ya ɗaga murya ya faɗi magani. Ba wanda ya ga laifinsa. Haka muka taso a Birnin Gwari.

Ni karatuna bai yi nisa ba. Firamare na gama, daga nan sai aiki. Amma a firamaren nan na samu abin da ban sake samun irinsa ba, wato aboki. Ɗan Gbagyi ne, Kirista, daga wani ƙauye a bakin daji, yana zaune wajen gwaggonsa a gari saboda makaranta. Bencinmu ɗaya. Ya fi ni lissafi, na fi shi surutu. Shi yana ce mini Ɗan birni, ni ina ce masa Ɗan dutse, domin ba ya yin magana biyar bai ambaci dutsen da kakanninsa suka zauna a kai ba.

Wata rana ruwa ya hana mu fita noman gonar makaranta, sai malaminmu ya ɗauki alli ya rubuta baƙaƙe huɗu a allo: j, l, g, d.

"Wa zai karanta mini?"

Wani ya ce Turanci ne. Wani daga baya ya ce, "Malam, ko allin ne ya zame?" Aka yi dariya, malam ma ya yi. Sannan ya jera baƙaƙen boko a sama, a, b, c, d har ƙarshe, ya ce kowane baƙi a cikin huɗun nan ya yi taku uku gaba daga mazauninsa. Mu mayar da shi baya. Muka ƙirga da yatsa. J ya koma g, l ya koma i, g ya koma d, d ya koma a. Sai ga kalmar gida ta fito a allon, kalmar da kowannenmu ya sani tun yana goye.

Ban manta yadda jikina ya yi ba. Malam ya ce wani sarkin yaƙi na Rumawa, tun kafin zuwan Musulunci da daɗewa, haka yake rubuta wa jarumansa, don ko an kama ɗan aike a hanya, abokan gaba ba za su gane komai ba. Ya ce dabarar duka ɗaya ce: kowane baƙi ya ari rigar wani, kuma mai aikawa da mai karɓa su kaɗai suka san wa ya sa rigar wa.

Da aka tashi na ce wa abokina mu fara. Ya taɓe baki.

"Ɗan birni, mutum arba'in ne a ajin nan, kuma duk sun ji. Wa za ka ɓoye wa? Akuyar hedimasta?"

Muka shiga neman namu. Ni na je wajen kawuna, wanda malamin zaure ne, ya nuna mini yadda malamai ke mayar da baƙaƙen Larabci lamba: alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu. Shi kuma ya dawo daga ƙauye da abin da malamin cocinsu ya gaya masa, cewa marubutan Yahudawa na dā suna musanya baƙin farko da na ƙarshe, na biyu da na kusa da ƙarshe, haka har su haɗu a tsakiya. Ya ce nawa duk malamin zaure ya san shi. Na ce nasa ko ƙanwata za ta juya shi. Muka yi kwana biyu ba ma magana sosai.

Shi ya kawo mafita. Ya zo da ƙwallayen kaɗanya cike da aljihu, muka rubuta baƙi ɗaya a jikin kowanne, muka zuba a ƙwarya, muka girgiza. Ni nake kiran baƙi, shi yana rufe ido yana zaro ƙwallo. Na ce a, ya zaro r. Na ce b, ya zaro u. Haka har ƙwaryar ta ƙare. Babu taku uku, babu juyi, babu wani tsari da mutum zai bi ya cim mana. Sannan muka yanko karan dawa biyu masu kauri, muka fere gefe ɗaya, muka zana jerin da tsinin wuƙa, baƙin gaskiya a sama, na aro a ƙasa. Ɗaya nasa, ɗaya nawa. Muka yi wa juna alkawari biyu. Abin da aka rubuta a takarda, wanda ya karanta ya ƙone. Abin da aka rubuta a ƙasa, wanda ya karanta ya share da ƙafa.

Kafin shekara ta zagayo mun daina duba karan, jerin ya zauna mana a ka. Ba wani sirri muke da shi ba. Wa ya ci wake jiya ya dami aji, wace yarinya ce ta kalli wa a bakin rijiya. Amma idan na ga layin nan na baƙaƙen da ba su da ma'ana a wurin kowa, na san ni kaɗai ake wa magana a duk garin, sai in ji kamar an ba ni ɗaki nawa na kaina.

Lokacin hutu nakan bi shi ƙauyensu. Mahaifinsa dogo ne, mai magana a hankali, ɗana yake kirana. Yakan ajiye mini doya da zuma, ya hana a ba ni duk abin da addinina ya hana, har tukunya dabam ya sa aka ware mini. Ƙauyen nasu sabo ne, a bakin titi. Asalinsu a kan dutse suke, can cikin daji, amma da aka shata gandun daji tun zamanin Turawa sai aka fito da su. Sau ɗaya mahaifin nasa ya kai mu kufan. Muka ƙetare wani rafi, muka yi ta hawa. A sama akwai ramukan niƙa a jikin dutsen, sun yi sulɓi, da guntayen tukwane, da wata tsamiya. Ya nuna mana tulin duwatsu uku a inuwarta, kaburbura ne, na mahaifinsa, na mahaifiyarsa, da na ɗansa na fari wanda bai kai yaye ba. Ya daɗe a tsaye. Ya yi magana da Gbagyi, ban ji ba. Sannan ya juyo ya ce mini da Hausa, "Ɗana, ka ga wurin nan da ya rage? Tsawona ne daidai. Na gwada."

Na yi dariya, na zaci wasa yake.

Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru na samu aikin gadin daji. Aka ba ni kaki da hula da keke, da ɗan littafin rubuta rahoto. Aikinmu mu zaga iyaka, mu hana sara da noma da cinna wuta. Abokina ya koma gona. Amma wasiƙa ba ta yanke ba. Yayarsa tana kawo doya kasuwa, ƙwaryarta a kafaɗa yadda matansu ke ɗauka, takardar tana ƙarƙashin doyar. Takan miƙo mini ta ce, "Ga shirmenku." Ta taɓa ba wani akawu ya gwada, ya juya ta sama da ƙasa ya ce ƙanenta ya koma makaranta.

A nan zan faɗi laifina na farko. Ban taɓa ƙone ko ɗaya ba. Ina son ganinsu, sai in ninke in sa a aljihun kaki, in sun taru in zuba a akwati.

Wata shekara, damina ta ja baya, dawa ta fara nuna, sai wasiƙa ta zo wadda ta fi duk na baya tsawo, gaba da bayan takarda. Na zauna a kan keke na karanta.

"Aboki, Baba ya daina cin abinci. Ya kira ni da yayata ya ce kada mu sa shi a bakin titi inda motoci za su riƙa girgiza shi. Ya ce a mayar da shi dutse, gindin tsamiya, wurin da ya nuna mana. Ya ce kai ma ka gani. Na san doka ta hana mu komai a can. Na kuma san kai ke riƙe da mashigin rafi har ƙarshen kaka. Ba ma so ka ɗauki komai, ba ma so ka yi ƙarya. Ranar da abin ya faru za mu zo mu shida da safe, mu haƙa, mu rufe, mu fito kafin la'asar. Ba za mu sare ko reshe ba. Kai dai ka kasance a wani wuri."

Na ba shi amsa a ranar, ta hannun yayarsa: "Ku zo. Iyakar gabas tana bukatar dubawa."

Da gaske nake. Wannan nake so duk mai karanta wannan ya riƙe, ko da yake ba ya rage komai.

A lokacin an kawo mana sabon malamin daji, matashi, ya yi karatu mai zurfi a Zariya. Ba mugu ba ne, amma yana da ɗabi'a ɗaya: ranar da muka kawo rahoton wata, yakan tara mu a barandar ofis ya karanta na kowa da ƙarfi, yana gyarawa da jan biro. Kwana uku bayan wasiƙar nan aka yi irin wannan zama. Ya ɗaga nawa da yatsa biyu.

"Malam, wannan da hannu ka rubuta ko kaza ka aika?"

Abokan aikina suka kwashe da dariya. Wani dattijo a cikinmu, wanda ko sunansa ba ya iya rubutawa, ya fi kowa dariya, har da buga cinya.

Na ce, "Yallaɓai, akwai rubutun da na iya wanda ba a koyar da shi a Zariya."

"To? Ajami?"

"Ba ajami ba. Boko ne, amma ba mai karanta shi a duniya sai mutum biyu."

"A duniya?" Ya ajiye biro. "Mu gani."

Akwai tsofaffin wasiƙu a akwatina a gida, na maganar wake da bakin rijiya. Da na ce sai gobe, da shi ke nan. Amma ana kallona, kuma takarda ɗaya ce a aljihuna. Har na ji daɗin cewa doguwa ce, za ta fi ba shi tsoro. Ban yi shakka ko kaɗan ba. Karan dawan yana ƙarƙashin katifata, ɗayan yana ƙauye. Ba tare da su ba, a ganina, takardar nan daidai take da ganye.

Na miƙa masa da hannuna.

Ya duba, ya yi murmushi. "In na karanta fa?"

"In share ofis wata guda."

"Ku shaida," in ji shi. Ya jawo farar takarda da fensir.

Bai yi ƙoƙarin karantawa ba, abin da ya fara ba ni mamaki ke nan. Ƙirga ya shiga yi. Ya rubuta kowane baƙi a gefe, duk inda ya gamu da shi a wasiƙar sai ya ja masa ɗan layi. Ba a jima ba layukan r suka yi tsawo suka bar sauran a baya nesa.

Ya ce, "Malam, faɗi wata magana da Hausa. Kowace iri."

Na ce, "Rana ta yi zafi."

"Ka ji a nawa ka faɗa? Bahaushe ba ya buɗe baki bai zubar da a ba. Kun canja masa riga, amma ba ku rage masa yawa ba. Wannan r ɗin naku a ne."

Ya bi takardar yana rubuta a da fensir a ƙarƙashin kowane r. Sannan ya koma kan gajerun kalmomi, domin mun bar fili tsakanin kalma da kalma yadda aka koya mana a makaranta. Baƙi biyu, na biyun a: ko da, ko na, ko ya, ko ka, ko ba. Ya gwada wannan, ya goge, ya gwada wancan. Kalmar farko baƙi biyar ce, ta fara da a, ga waƙafi a bayanta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Aboki ko?" Daga wannan kaɗai ya samu baƙi huɗu.

Yana yi yana ba mu labari, cikin nishaɗi. Ya ce wani malami a Bagadaza, fiye da shekara dubu da suka wuce, shi ya rubuta wannan hanya: ka san baƙin da ya fi yawa a harshe, ka ƙirga na takardar, ka haɗa su. Ya ce tun daga lokacin irin wannan rubutu ya daina tsare sarakuna. Ya ce da layi ɗaya na ba shi, da wuya ya iya, domin ƙirga tana son yawa. "Amma kai ka kawo mini gona guda."

A nan ne na gane zai karanta ta har ƙarshe. Na ce, "Yallaɓai, na yarda, ka ci. A ba ni takardata."

"Haba, yanzu da ta fara daɗi?"

Sauran suka ce a bar shi ya ƙarasa. Na tsaya ina kallon fensirin nan yana tafiya. Ina iya fizge takardar. Na sha tambayar kaina me ya hana, amsar dai ita ce kaki da hula da keke.

Bai kai sallar azahar ba. Na ga lokacin da murmushin ya bar fuskarsa. Ya karanta har ƙasa, ya juya bayan, ya karanta. Sannan ya sallami kowa ya ce in biyo shi ciki.

Ya rufe ƙofa. Da ya buɗe baki, ba faɗa ya yi ba.

"Me ya sa ka ba ni wannan?"

Bai jira amsata ba.

"Da ka bar ni ban sani ba, da sun shiga sun fito, ni ina nan ina gyaran rahoto. Yanzu na karanta, a gaban mutum takwas. In kabari ya bayyana a gandun nan, gobe wani zai ce kakansa ma yana can, ya kafa bukka, ya share gona. Aka tambaye ni, in ce ban sani ba?"

Na roƙe shi. Na ce tsoho ne, na ce tsawonsa ɗaya kawai na ƙasa. Ya ce zai rubuta wa na sama da shi ya nemi izini, amma amsa takan ɗauki watanni. Kafin nan ya mayar da ni iyakar wajen Dogon Dawa, ya sa mutum biyu a mashigin rafi. Ya miƙo mini wasiƙar, kowane baƙi da fassararsa da fensir a ƙasa. Bai sake maganar sharar ofis ba.

Laifina na biyu ya fi na farko, kuma ba ruwan wani malamin Bagadaza a cikinsa. Kwana tara tsohon ya ƙara a duniya. A cikin kwana taran nan akwai ranar kasuwa. Na hango yayar abokina da ƙwaryarta, na bi ta bayan rumfunan mahauta. Layi ɗaya ya isa: kada ku bi ta rafi. Sun san dajin fiye da mu, da sun sami wata hanya, ko su je su roƙi malamin da kansu. Amma in na rubuta haka sai na faɗi dalili. Na riƙa gaya wa kaina tsohon zai warke, ko izini zai zo, ko in samu yadda zan faɗa gobe.

Ban ga abin da ya faru ba, ɗaya daga cikin masu gadin ne ya ba ni labari. Sun zo da hantsi su shida, gawar a kafaɗa, naɗe da tabarma, abokina a gaba da fartanya. Ya hango kaki daga nesa ya ci gaba da tahowa, yana zaton ni ne na kasa tafiya. Da ya ga ba ni ba ne ya tsaya. Ba a yi faɗa ba, ba a kama kowa ba. Ya tambaya ina nake, aka gaya masa. Ya tambaya yadda aka sani, shi ma aka gaya masa, har da maganar kaza da sharar ofis. Suka ajiye gawar a inuwa suka huta kaɗan, daga wurin ana hango kan dutsen. Sannan suka ɗauka suka juya. An binne shi da la'asar a bayan cocinsu, taku kaɗan daga titi.

Na je gaisuwa a rana ta uku. Ya karɓe ni, ya sa aka kawo mini ruwa, ya amsa gaisuwata yadda ya amsa ta kowa. Na kasa cewa komai a gaban mutane. Da na dawo na zauna na rubuta masa takarda uku da rubutunmu, na faɗi duk abin da na faɗa a nan.

Amsar ta zo bayan mako biyu, ba a ƙarƙashin doya ba, ta hannun direba. Da boko ya rubuta ta, sarai, wanda kowa zai karanta.

"Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Mun gode da zuwanka. Dawa ta yi kyau bana. A gai da mutanen gida."

Na juya bayan takardar, ba komai. Da zagina ya yi da rubutunmu, da na fi samun sauƙi.

Na ƙara rubutawa sau huɗu ko biyar. Kowane lokaci yakan amsa, bai taɓa ƙin amsawa ba, kuma kowane lokaci irin wasiƙar da za a iya karantawa a ƙofar gida wanzami yana ji. Daga baya na daina. Izinin bai taɓa zuwa ba, ko ya zo ban ji ba. Bayan shekara biyu ya kwashe iyalinsa ya koma wajen dangin matarsa, can wajen Minna. Ni na ci gaba da zaga iyaka. An sake mayar da ni mashigin rafi, na yi shekaru a can. Na hau dutsen ba sau ɗaya ba. Wurin yana nan a gindin tsamiya, ciyawa ta rufe shi. Nakan cire ta da hannu in sauko.

Sai da na yi ritaya, gemuna ya yi fari, sannan na shiga mota na neme shi. Na same shi da rana a gindin mangwaro a ƙofar gidansa, yana gyaran ƙotar fartanya. Ya rame, ya zama mahaifinsa sak. Ya gane ni nan take. Ya ce, "Malam, kai ne a tafe? Sannu da hanya." Malam ya kira ni, ba Ɗan birni ba. Aka kawo tabarma, aka kamo kaza, ya kira wani maƙwabcinsa Musulmi ya yanka saboda ni. Muka yi maganar 'ya'ya, da taki, da ciwon gwiwa, da waɗanda suka rasu a ajinmu.

Da rana ta karkata, lokacin tafiyata ya yi, sai na ɗauki wani tsinke na share ƙasa a tsakaninmu da tafin hannu. Na rubuta kalma uku da rubutunmu. Ka yafe mini. Sai r ɗin farko ya karkace.

Ya sunkuya. Na ga leɓensa yana motsi, baƙi bayan baƙi, ba tare da karan dawa ba, bayan shekara talatin da wani abu. Ya kai ƙarshe. Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya miƙa ƙafarsa ta dama ya share, a hankali, har ƙasar ta koma yadda take.

Ya ce, "Ɗan birni, har yanzu hannunka bai gyaru ba."

Na ajiye tsinken kusa da ƙafarsa. Ya gan shi. Bai ɗauka ba. Ya tashi ya rako ni har bakin hanya, ya tsayar mini da mota, ya ce wa direba a sa ni gaba saboda gwiwa.

Wannan ne ganinmu na ƙarshe. Ɗiyarsa ce ta aiko mini da labarin rasuwarsa bayan damina uku. Na so in tambaye ta ko ta ga wani karan dawa a cikin kayansa, na ga ba ni da bakin tambaya.

Nawa yana nan, naɗe a tsumma. Gara ta ci wajen baƙi shida na ƙarshe, amma ba na bukatar dubawa. Dajin yanzu ba ya shiguwa, kowa ya san dalili, rabona da dutsen an daɗe. Wasiƙun na ƙone su bayan na dawo daga wajensa, yadda muka yi alkawari tun muna yara, har da mai fensirin. Wani lokaci bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida sai in ga na ɗauki tsinke na rubuta layi ɗaya a ƙasa, ba wata magana ba, ruwa ya sauka, ko doya ta yi tsada. Masu wucewa sukan duba su wuce. Nakan bar shi har a kira magariba, sannan in share da kaina.